John Dalton: Malamin da Ya Bar Wasiyya a Bincika Idanunsa

A wannan fitowa, shafinmu na tarihin waɗanda suka riga mu ya sauka a kan wani Kirista ɗan ƙasar Ingila wanda bai taɓa hawa bagadi ya yi wa'azi ba. Malamin makaranta ne, kuma masanin kimiyya. Ɗaliban sakandare sun san sunansa a darasin sinadarai, domin shi ne ya kafa ilimin ƙwayar zarra a kan ma'auni da lissafi. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne, John Dalton ya shekara 26 a duniya kafin ya gane cewa launukan da yake gani dabam suke da waɗanda sauran mutane ke gani. Yadda ya gano haka, da abin da ya yi bayan ya gano, suna da amfani ga kowane gida mai 'ya'ya maza.

Ɗan masaƙi

An haifi John Dalton a watan Satumba na shekarar 1766 a Eaglesfield, wani ƙaramin ƙauye a arewa maso yammacin Ingila. Mahaifinsa Joseph masaƙi ne mai ƙaramin ƙarfi, sunan mahaifiyarsa Deborah. Iyalin 'yan ɗarikar nan ne da ake kira Jama'ar Abokai, ko kuma Kweka. A zamanin Dalton, mutanen wannan ɗarika sukan taru su yi sujada cikin shiru, ba su da fasto da aka naɗa, ba sa rantsuwa ko a gaban alƙali, gama a wurinsu maganar mai bi ta isa ba tare da rantsuwa ba. Tufafinsu kuwa a lokacin marasa ado ne, galibi ruwan toka ko ruwan ƙasa.

A wancan zamani, manyan jami'o'in Ingila biyu, wato Oksfod da Kambirij, ba sa ba da digiri ga wanda ba ɗan ikilisiyar gwamnati ba. Ɗan Kweka, komai hazaƙarsa, ƙofar a rufe take gare shi. Saboda haka Dalton ya yi karatunsa a ƙaramar makarantar ɗarikarsu, a hannun wani malami mai suna John Fletcher. Wani dattijon ƙauyen, Elihu Robinson, ya lura da kaifin kwanyar yaron, ya riƙa ba shi lissafi, ya kuma sa masa sha'awar lura da yanayin sama. Yana ɗan shekara 12 ya fara koyar da yaran ƙauyensu, waɗansunsu ma sun girme shi.

A shekarar 1781 ya koma garin Kendal, inda wansa Jonathan yake koyarwa a makarantar kwana ta Kweka. Daga baya su biyu suka karɓi ragamar makarantar. A Kendal ne Allah ya haɗa shi da John Gough, wani masani da cutar agana ta makantar tun yana ƙaramin yaro. Gough ya san tsire-tsiren yankin ta hanyar shafawa da sansanawa da ɗanɗanawa, ya kuma ƙware a lissafi da harsuna. Shi ya koya wa Dalton Latin da Helenanci da lissafi mai zurfi. Shi ne kuma ya ƙarfafa shi ya riƙa rubuta yanayin kowace rana. Dalton ya fara wannan aiki a 1787, bai daina ba har shekara 57, ya tara bayanai sama da 200,000 a kan zafi da sanyi da iska da ruwan sama.

Furen da ya sāke launi

Wajen shekarar 1790 Dalton ya shiga nazarin tsire-tsire, aikin da ke bukatar a faɗi launin kowane fure daidai. Tun da can yakan ji mutane suna kiran abu ɗaya da sunaye barkatai, ko su kira abubuwa biyu masu kama a idonsa da sunaye dabam dabam. Ya ɗauka cewa sunayen launi ne ba su da tsari. Bai taɓa zargin idonsa ba.

A shekarar 1792 ya dubi wani fure da Turawa ke kira jeraniyom a hasken kyandir. Mutane suna ce da furen ruwan hoda. Shi kuwa da rana shuɗi yake ganinsa, kamar sararin sama. Da ya dube shi da dare sai ya ga shuɗin ya ɓace ƙaf, furen ya koma abin da shi yake kira ja. Ya kira abokansa su zo su ga abin mamaki. Suka duba, suka ce furen yana nan yadda yake da rana. Mutum ɗaya ne kawai ya ga abin da ya gani, wato wansa Jonathan.

Wani da ya bar maganar a nan, ko ya ɓoye ta don kunya. Dalton ya mai da idonsa abin bincike. Ya sa haske ya ratsa gilashi mai kusurwa uku don ya rabu kamar bakan gizo. Inda mutane ke ƙirga launi shida ko bakwai, shi biyu yake gani, ko uku in an matsa: rawaya, shuɗi, da ɗan shunayya. Ruwan lemo da rawaya da kore duk rawaya ne a wurinsa, wani ya fi wani haske kawai. Ya tara ƙyallaye masu launi iri iri, ya gwada su da rana da kuma dare. Ya tarar jini yana kama da koren kwalba a idonsa, jan danƙon da ake hatimce wasiƙa da shi kuma ya yi daidai da wani koren ganye.

Bai tsaya a kansa ba. Ya bi diddigin wani iyali a garin Maryport inda 'yan'uwa maza da dama suke da irin wannan gani. Ya gwada ɗalibansa, cikin 25 ya sami biyu. Duka duka ya tattara labarin mutum kusan 20, kuma ya lura cewa babu mace ko ɗaya a cikinsu.

A shekarar 1793 ya koma birnin Mancesta, ya zama malamin lissafi da kimiyya a wata kwaleji da Kiristocin da ba na ikilisiyar gwamnati ba suka kafa. Ranar 31 ga Oktoba, 1794, ya tsaya a gaban ƙungiyar masana ta birnin ya karanta takardarsa ta farko, wadda aka buga a 1798. Batun takardar shi ne lahanin idonsa. Ita ce cikakken bayani na kimiyya na farko a kan abin da muke kira makantar launi. Har yau, a harshen Faransanci da Sifaniyanci da Rashanci, sunan Dalton ake kiran wannan hali da shi.

Yadda ido ke ganin launi

Yaya mutum mai kaifin lura irin wannan zai kai shekara 26 bai sani ba? Amsar tana cikin yadda Ubangiji ya gina ido da ƙwaƙwalwa.

A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai ɗauke da miliyoyin ƙananan ƙwayoyi masu karɓar haske. Waɗansu na aiki ne a duhu duhu, ba ruwansu da launi. Sauran, masu aiki da rana, iri uku ne. Iri ɗaya ya fi jin hasken ɓangaren shuɗi, na biyu ɓangaren kore, na uku ɓangaren rawaya zuwa ja. Babu ɗaya a cikinsu da ke sanin launi shi kaɗai. Ƙwaƙwalwa ce ke gwada saƙon wannan da na wancan, daga bambancin da ke tsakaninsu ta fitar da launin da muke gani. Wani masani ɗan zamanin Dalton, Thomas Young, ya kawo wannan ra'ayi na iri uku a farkon ƙarni na 19.

Wanda aka haifa da iri biyu kawai, gwaji ɗaya ƙwaƙwalwarsa take iya yi, don haka duniyarsa tana tsakanin shuɗi da rawaya ne. Wannan ya bayyana abin da ya faru da furen. Ruwan hoda yana mayar da hasken ja da na shuɗi tare. Hasken rana yana da shuɗi mai yawa, sai furen ya karkata wajen shuɗi a idon Dalton. Hasken kyandir kuwa shuɗinsa kaɗan ne, sai ma'aunin ya rinjaya zuwa ɗaya gefen. Abokansa masu iri uku suna da gwaji na biyu da ya riƙe musu launin furen bai kauce ba.

Ƙwayar da babu ita ba ta tsirowa daga baya. Abin da ke daidaita kansa shi ne ƙwaƙwalwa da sabo. Tun yana jariri, yaro yana jin ana cewa ciyawa kore ce, jini ja ne, sai ya haddace sunan tare da abin. Ya koyi lura da ɗan bambancin haske da duhu, da sheƙi, da siffa, da wurin da abu yake. Ya san jar wutar kan titi tana sama, kore tana ƙasa. Yana gane tumatir ya nuna ta taushinsa, mangwaro ta ƙanshinsa. Da haka yakan faɗi sunan launi daidai sau da yawa, har iyayensa ba za su lura ba, shi ma bai san akwai abin da ya rasa ba. Sai ranar da aka ba shi ƙaramin abu, ko baƙon abu, ko aka sāke masa haske, asirin ke tonuwa.

Yawancin masu wannan hali ba su kai Dalton ba. Suna da iri ukun, amma biyu daga ciki sun yi kusa da juna ƙwarai, saƙon bambancin ja da kore ya zama mai rauni. Binciken shekarun baya bayan nan ya nuna cewa ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane takan ƙara wa raunannen saƙon ƙarfi, kamar yadda ake ƙara sautin rediyo, har launuka su fito musu fiye da yadda lissafin idonsu ya nuna. A 1992 masana a Ingila sun nuna cewa masu iri biyu sukan riga sauran mutane gano siffar da aka ɓoye cikin tarkacen ja da kore, domin launi ba ya ɗauke musu hankali. A 2009 kuma, masana a Amurka sun sa ƙwayar gadon da babu a idon waɗansu birai manya biyu masu iri biyu, bayan 'yan watanni biran suka fara bambanta ja da kore. Wannan gwaji ne a kan dabbobi. Ga ɗan adam, makantar launi ta gado ba ta da magani har yanzu, tabarau masu launi da ake tallatawa kuma ba sa mayar da ƙwayar da aka rasa.

Ƙwayar zarra da jar riga

Dalton ya bar kwalejin a 1800, ya ci gaba da neman abinci ta koyar da ɗalibai a ɗakinsa. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai James Joule, wanda ake kiran ma'aunin ƙarfi da sunansa. Sha'awarsa ga yanayi ta kai shi ga nazarin iska, nazarin iska kuma ya kai shi ga babban aikinsa. A 1803 ya tsara jerin farko na nauyin ƙwayoyin zarra, a 1808 kuma ya buga littafin da ya bayyana ra'ayinsa: kowane sinadari na asali yana da irin ƙwayarsa mai nauyinta, kuma ƙwayoyin suna haɗuwa ne bisa ƙidaya mai sauƙi, ɗaya da ɗaya, ko ɗaya da biyu, da makamantansu. Waɗansu alƙalumansa ba su yi daidai ba, na baya sun gyara su, amma tushen da ya kafa shi ake gini a kai har yau.

Girma ya biyo baya. Ya shugabanci ƙungiyar masana ta Mancesta kusan shekara 27, har rasuwarsa. A 1822 aka shigar da shi babbar ƙungiyar masana ta Ingila, a 1826 ya karɓi lambar yabo ta sarki, masanan Faransa ma suka karrama shi. A 1832 jami'ar Oksfod, wadda ba ta iya karɓarsa yana saurayi ba, ta ba shi digirin girmamawa. A 1833 gwamnati ta yanka masa fansho na fam 150 a shekara, daga baya ta ninka.

Duk da haka rayuwarsa ba ta canza ba. Bai yi aure ba. Ya yi shekara 26 yana zaune a ɗakin haya a gidan wani fasto abokinsa, William Johns. Bai bar taron sujada na ɗarikarsu ba, bai kuma bar tufafinsa na Kweka ba. Hutunsa shi ne wasan ƙwallon gargaɗe ranar Alhamis da yamma, da hawan duwatsun yankinsu sau ɗaya a shekara, ɗauke da kayan awonsa.

A 1834 aka shirya gabatar da shi ga Sarki William na Huɗu. Kayan fada na lokacin sun haɗa da takobi, ɗan Kweka kuwa ba ya rataya makami. Sai aka daidaita a kan ya sa rigar digirinsa ta Oksfod. Rigar ja ce wur, launin da 'yan ɗarikarsa ke gudu. A idon mai ita kuwa, ba ta da wani ƙyalli da zai dame shi. Haka tsohon ya shiga fada.

Wasiyyar

Tun a takardar 1794 Dalton ya kawo nasa bayani a kan dalilin halinsa. A ganinsa, ruwan da ke cikin ƙwayar idonsa yana da launin shuɗi, shi ne yake tare jan haske. Thomas Young bai yarda ba, ya ce ɗaya daga cikin iri ukun ne babu. Dalton ya riƙe ra'ayinsa shekara 50. Amma ya san cewa hanya ɗaya ce tak ta raba gardama, kuma ba za a iya binta yana da rai ba. Saboda haka ya bar wasiyya cewa idan ya mutu a cire idanunsa a duba.

Ya sami shanyewar jiki a 1837, maganarsa ta yi nauyi, amma bai daina aiki ba. Ranar 26 ga Yuli, 1844, ya rubuta yanayin ranar da hannu mai rawa. Washegari, 27 ga wata, ya rasu yana da shekara 77. Mutum kusan 40,000 suka bi layi a babban zauren birnin Mancesta don yi masa ban kwana.

Kwana ɗaya bayan rasuwarsa, likitansa Joseph Ransome ya cika wasiyyar. Ya tsiyaye ruwan ido ɗaya, ya tarar garau yake, babu alamar shuɗi. Ya yanke bayan ɗaya idon, ya leƙa ta cikinsa ya dubi jan abu da koren abu, ya gan su yadda suke. Bayanin Dalton ya faɗi, kuma shi da kansa ya shirya gwajin da ya kā da shi.

Ransome bai zubar da ragowar idon ba. Ƙungiyar masanan ta adana shi. A 1940 bama baman yaƙin duniya na biyu suka ƙone gininta tare da takardun Dalton masu yawa, amma busasshen idon ya tsira. A 1995, shekara 151 bayan rasuwarsa, masana daga Landan da Kambirij suka ɗebi ɗan ƙanƙanin yanki suka karanta ƙwayoyin gadon da ke ciki. Suka tarar ƙwayar gadon da ke gina iri na biyu, mai jin ɓangaren kore, ita ce babu. Young ya yi gaskiya cewa iri ɗaya ne ya ɓace, ko da yake shi na ɓangaren ja ya zata. Gaskiya dokin ƙarfe ce, ko ta daɗe tana hanya za ta iso.

Abin da iyaye za su lura da shi

Binciken zamani ya kuma bayyana abin da ya sa Dalton bai sami mace cikin jerinsa ba. Ƙwayoyin gadon ja da kore suna kan wani zaren gado da ake kira X. Mace tana da X biyu, idan ɗaya yana da naƙasa ɗayan yakan rufe. Namiji X ɗaya gare shi, daga mahaifiyarsa. Uba mai wannan hali ba ya ba 'ya'yansa maza, amma dukan 'ya'yansa mata za su ɗauki ƙwayar, kowane ɗa namiji da suka haifa kuma rabi da rabi ne ya gāda. A tsakanin mutanen arewacin Turai, kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da shi, mace kuwa ɗaya cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai shi a makarantunmu da ikilisiyoyinmu.

Kada wannan ya zama dalilin ɗora wa uwa laifi. Ita ma gadonsa ta yi, ba ta kuma san tana ɗauke da shi ba. A Yohanna sura 9 almajirai sun nemi sanin ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, Ubangijinmu kuwa ya kawar da laifin daga kan mutumin da iyayensa duka. Gadon jiki ba hukunci ba ne.

Idan yaro yana shafa wa ganye ja ko ruwan ƙasa a zanensa, ko yana tsinko ɗanyen barkono alhali nunanne aka aike shi, ko yana rikicewa da taswira mai launi a aji, kada a yi saurin kiransa daƙiƙi ko mai taurin kai, balle a kai ga bulala. A kai shi asibitin ido. Akwai gwaji mai sauƙi na 'yan mintoci, na lambobi da aka ɓoye cikin ɗige ɗige masu launi, wanda likitan Japan Shinobu Ishihara ya fitar a 1917. Sanin da wuri yana da amfani, gama akwai ayyuka irin su tuƙin jirgin sama da na ƙasa da na ruwa, da waɗansu sassan aikin soja, inda ake gwada ganin launi kafin a ɗauki mutum. Gara saurayi ya sani yana aji uku da ya sani ranar tantancewa, bayan iyaye sun kashe abin da suka tara. Malaman makarantar Lahadi da na boko kuma za su taimaka idan suka riƙa rubuta sunan launi a jikin abu, maimakon dogara ga launin kaɗai. Babban mutum da ya ga launuka sun fara rikice masa daga baya, nasa dabam ne da na gado, yana iya zama alamar ciwon ido ko ciwon sukari ko illar wani magani, sai ya hanzarta ganin likita.

John Dalton ya fito daga ɗarikar da ke koyar da cewa mai bi ya faɗi gaskiya ko ba rantsuwa. Ya faɗi gaskiya a kan rauninsa a gaban manyan masana yana sabon zuwa birni. Da ya kawo bayanin da yake ganin shi ne daidai, ya bar ƙofa a buɗe don a gwada shi, ko da sakamakon zai ƙaryata shi bayan ba ya nan. A gidajenmu da majalisun ikilisiyoyinmu sau da yawa gardama takan yi tsawo domin kowa ya tabbata abin da idonsa ya nuna masa shi ne ke nan. Ubangiji ya ba mu tawali'un tambayar ɗan'uwa abin da shi yake gani, da haƙurin sauraron yaron da ya ce mana ganye da jini launinsu ɗaya.